Kafin A Rataye Faifan A Gona, A Kawo Shi Ɗakin Kwamfuta



Duk wanda ya bi hanyar ƙafa tsakanin ƙauyukanmu a ƙarshen damina, lokacin da gero ya yi ido tsuntsaye suka taso masa, ya san abin nan da ke walƙiya a kan sanda a tsakiyar gona. Tsohon faifan bidiyo ne aka zura wa zare, iska na juya shi, haskensa na korar jan-baki. Akwai shi a bayan kekuna, akwai shi a hannun yara sun soke shi da kara suna garawa. In ka tambayi mai gonar me ke ciki, amsar ɗaya ce: ai ya mutu, na'ura ta ƙi karɓarsa. Ni kuwa ina ganin da yawa daga cikinsu da ransu aka rataye su, kuma makarantarmu tana da abin da za ta ceto wasunsu da shi ba tare da an kashe wani kuɗin a-zo-a-gani ba.

Abin da ke cikin fayafayan shi ya sa maganar ta cancanci wannan allo. Shekaru goma sha biyar zuwa ashirin da suka wuce, duk taron da aka kira wa mai kyamara a faifai yake ƙarewa: walimar saukar Alƙur'ani, ɗaurin aure da kamu, naɗin dagaci, musabaƙa, tafsirin azumi na malamin gari, tarbar alhazai, wasan ƙarshe na ƙwallo tsakanin ƙauye da ƙauye, har da ranar raba kyaututtuka ta makarantu. A cikinsu akwai fuskokin kakanni da suka riga mu gidan gaskiya, akwai muryar limamin da aka yi shekaru ana bin sa salla. Babu kwafinsu a YouTube, babu a rumfar masu tura fina-finai a kasuwar Dambatta ko ta Bichi. Mai kyamarar da ya ɗauka ya daɗe da goge nasa, wataƙila ma ya canza sana'a. Idan wannan ƙwaya ɗaya ta tsage a gona, an rabu ke nan.

Fina-finan Hausa ma suna da rabonsu a wannan asara. Da kaset aka fara, tun daga Turmin Danya a 1990, har zuwa zamanin Sangaya da Wasila. Daga baya faifai ya ƙwace kasuwa, Ƙofar Wambai ta zama inda 'yan sari ke ɗauko sababbin fina-finai su kawo mana ranar kasuwa. Sai waya da memori suka shigo, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, YouTube ya biyo baya da irin su Izzar So, aka wayi gari mai sayar da faifai ya koma mai caji da turi. Fina-finan da suka yi suna za ka same su a intanet. Ƙananan kuwa, waɗanda aka buga sau ɗaya aka wuce, gwada nemansu ka gani. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun shafe shekaru suna nazari da rubutu a kan waɗannan fina-finai, mu kuma muna korar tsuntsaye da su.

To, me ake nufi in an ce faifai ya mutu? Yawanci abin da ya faru bai wuce an saka shi a na'urar ɗaki, ta yi ƙugi, ta rubuta No Disc, aka fitar da shi aka goga a gaban riga, aka mayar, ta sake rubuta haka. Daga nan aka yanke masa hukunci. Amma waɗanda ake tuhuma uku ne: faifan kansa, na'urar da ke karanta shi, da manhajar da ke nuna shi in a kwamfuta ne. Malamin kimiyya ya koya mana cewa a gwaji abu ɗaya ake canzawa a bar sauran yadda suke. Haka nan ma. Ka samo faifan da ka tabbata lafiyarsa ƙalau ka saka a wannan na'ura. In shi ma ta ƙi shi, na'urar ce ba ta da lafiya. In ta karɓe shi, ka ɗauki wanda ake zargi ka kai shi wata na'urar. Sai na'ura biyu ko uku sun ƙi shi sannan za ka fara duban faifan da idon tuhuma, don na'urori sun bambanta wajen haƙuri da karce, abin da ya gagari wata sai wata ta karanta shi sumul.

Na'ura da ɗan ƙaramin ido take karatu, mai harba siririn haske a ƙasan faifai. Mu da ke shan ƙurar hunturu wata uku, ga na'urar a kan kabad ba ko mayafi, ba sai an faɗa mana abin da zai sami wannan ido ba. Wani abin da ba kowa ya sani ba, hasken iri biyu ne: ja don karanta dibidi, da wani wanda idon mutum ba ya gani don karanta sidi da bisidi. Ɗaya yana iya mutuwa ɗaya na aiki. Shi ya sa za ka ga na'ura na karɓar faifan karatu ko na waƙa amma tana ƙin na biki, sai a ce na bikin ne ya lalace.

Shi faifan, abu na farko a wanke shi, kuma a nan ne muka fi yi masa illa. Rubutun da ke jikinsa layi ɗaya ne mai zagaye kamar naɗin faifan kaba, ya faro daga tsakiya ya nufi baki. Idan karce ya ratsa layin a gicciye, ɗan guntu kawai ya ɓata a kowane zagaye, na'ura kuwa tana da dabarar cike irin wannan giɓi. Idan karcen ya bi layin, ya cinye dogon zango, babu abin da za ta iya. Mu kuma da zagaye muke gogewa, wato muna bin layin da ƙasar da ke jikin rigarmu. Daidai shi ne ruwa mai tsabta, ɗigon sabulu, tsumman auduga mai laushi, a shafa daga rami zuwa baki a miƙe, a bar shi ya bushe a inuwa. Fetur da kananzir cin robar suke yi. Man goge baki da wasu ke shafawa kankare robar yake yi kaɗan-kaɗan, wani lokaci a dace, wani lokaci a ƙara ɓata shi, don haka kada a fara da shi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tunda daga tsakiya karatu ke farawa, kun ga dalilin da ya sa fim ke tafiya lafiya sai an zo daidai inda ake jiran a ga yadda za ta kaya sannan ya kakare: bakin faifai ne ya fi shan yatsu da faɗuwa. A lura kuma, a sidi da bisidi rubutun yana dab da gefen da aka buga hoto, siririn fenti ne kawai ya rufe shi, a dibidi kuwa yana tsakiyar roba biyu da aka manne. Ɗaga sidi ka duba shi a hasken taga. In ka ga haske na ratsowa ta 'yan huji-huji, wannan wurin ya tafi, wanki ba zai dawo da shi ba.

Yanzu ga wanda aka fi mantawa da shi cikin ukun, wato manhaja. Tun daga Windows 8 da ya fito a 2012, kamfanin Microsoft ya cire karatun dibidi daga manhajar kallon da ke zuwa da kwamfuta, saboda kuɗin lasisin da ake biya a kansa. Ke nan kana iya saka lafiyayyen faifai a lafiyayyar kwamfuta ta yi shiru, ba don komai ba sai don ba ta da mai fassara mata. Maganin wannan kyauta ne, kuma da yawanmu muna da ƙaninsa a waya: VLC, mai alamar nan kamar mazurari a kife, ruwan lemo da fari, irin wanda masu aikin titi ke jerawa. Ɗalibai ne suka fara shi a 1996 a wata makarantar koyon injiniyanci mai suna École Centrale da ke kusa da birnin Faris na Faransa, suna neman hanyar kallon bidiyo ta wayoyin sadarwar makarantarsu. A 2001 aka sake shi ga duniya da sharaɗin kowa na da ikon ya yi amfani da shi, ya duba yadda aka rubuta cikinsa, ya gyara, ya ba wani. Har yau ƙungiyar sa-kai mai suna VideoLAN ce ke riƙe da shi, ba talla a ciki, ba a biyan ko sisi, kuma ba ya neman data in an riga an saka shi. Wannan sharaɗi yana da amfani ga makaranta irin tamu: kwafi ɗaya ya ishe mu mu saka a kowace kwamfuta, halal ne, ba satar fasaha ba ce. Ni dai abin da ya fi tsaya mini shi ne ɗalibai ne suka fara shi, aikin makaranta ne ya girma.

Saka VLC kaɗai ba ya gama magana, sai an san yadda aka tsara cikin faifai. Dibidi kamar gidan gandu yake. Akwai zaure, wato shafin nan da ke fara fitowa da hotuna da kiɗa yana jiran ka zaɓa. Bayan zaure akwai sassa, kowane sashe bidiyo ne mai zaman kansa, kuma faifai ɗaya yana iya ɗaukar har 99. Sunan da allo ke ba kowane sashe shi ne Title. A cikin sashe akwai ɗakuna, su ne Chapter. Zan riƙa rubuta waɗannan kalmomi yadda suke a allo don haka za ku tarar da su. Mafi yawan kukan da ake yi a kan faifai daga zaure yake. Wanda ya buga faifan ya haɗa zauren cikin gaggawa da araha, ko karce ya faɗa daidai inda zauren yake, tunda yana kusa da tsakiya. Sai ka ga kiɗa na ta maimaituwa, ka danna ka danna ba motsi, ko allo ya yi baƙi ya tsaya. Na'urar ɗaki ba ta san wata hanya ba sai ta zaure, in ya rushe ta haƙura. Alhali sassan gidan suna nan lafiya da mutanensu.

VLC ya san ƙofar baya. Ka buɗe shi, ka shiga Media, ka zaɓi Open Disc, ko ka danna Ctrl da D tare. Ka tabbata ka zaɓi irin faifan da ka saka, don akwai gurbin dibidi daban, na bisidi daban, kuma da yawa a nan suke tuntuɓe. Ka fara gwadawa ta zaure, in linzamin kwamfuta ya ƙi aiki a kansa ka gwada madannan kibiya da Enter, sau da yawa su yana ji. In ya ƙi, ka dawo ka sa alama a ɗan akwatin da aka rubuta No disc menus. Ka ce masa ke nan ya tsallake zaure ya shige ciki. A ƙasa kaɗan akwai gurbin da za ka rubuta lambar sashen da kake so ya fara da shi.

Wace lamba za ka rubuta? A nan ne ake buƙatar tunani, kuma a nan ne na fi son aikin. In ka bar shi, da sashe na ɗaya zai fara, sashe na ɗaya kuwa sau da yawa ba shi ne abin da kake nema ba. Duk wanda ya kalli faifan fim ɗin Hausa ya san sai an sha tallar fina-finai masu fitowa kafin a kai ga fim. A faifan biki sashe na ɗaya yana iya zama tallar shagon mai kyamara da lambar wayarsa, na daƙiƙa talatin, ya ƙare VLC ya tsaya, sai mai kallo ya ce ai ba komai a ciki, an cuce mu. A fayafayan nan masu fim goma ko ashirin a ƙwaya ɗaya, kowane fim sashensa daban, in zaure ya mutu sai na farko kaɗai ake gani, sauran sha tara suna kulle. Maganin shi ne yayin da bidiyo ke tafiya ka shiga Playback, ka sauka kan Title. Zai jero maka sassan, kowanne da tsawon lokacinsa a gefe. Mai minti biyu talla ce. Mai awa ɗaya da rabi shi ne fim ko bikin. In ka ga biyu masu tsawo, to wataƙila ɗaurin aure ne da kamu, ko rana ta farko da ta biyu. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka rubuta abin da ke cikin kowanne. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami, kuma gidaje nawa ne suka yi shekara goma suna kallon rabin bikinsu ba su san akwai sauran ba? Wasu fayafayan kamfanonin ƙasashen waje da gangan ake cika su da sassan bogi masu tsawo iri ɗaya don a rikita masu kwafa, amma wannan ba matsalar fayafayan gidajenmu ba ce.

Idan ƙofar baya ma ta ƙi, akwai haurawa ta katanga. Ka rufe VLC ka buɗe faifan kamar yadda kake buɗe filash. Za ka ga folda mai suna VIDEO_TS. A ciki fayil iri uku ne. Masu ƙarewa da VOB su ne bidiyon kansa, an yanyanka shi gunduwa-gunduwa, kowace ba ta wuce gigabayit ɗaya. Masu ƙarewa da IFO su ne taswirar gidan, masu BUP kuma kwafin taswirar ne da aka ajiye don ɓacin rana. Ko taswira ta lalace, kana iya jawo gunduwar VOB ka jefa cikin VLC ta yi wasa. A bisidi foldar MPEGAV ce, fayilolin kuma AVSEQ01, AVSEQ02 da sauransu, mafi nauyi shi ne fim. Shawarata a nan: da zarar faifai ya buɗe, kafin a zauna kallo, a kwafe shi cikin kwamfuta. Mai yiwuwa wannan ne karo na ƙarshe da zai yarda ya buɗe. In gunduwa ɗaya ta ƙi kwafuwa a tsallake ta a ɗauki sauran, biki mai giɓin minti ashirin ya fi babu. Daga baya akwai wata manhajar kyauta irin VLC, HandBrake, da ke jero sassan da tsawonsu, ta matse wanda ka zaɓa ya koma ɗan fayil da waya za ta iya ɗauka.

Akwai tarko biyu da nake so kowa ya haddace, don su kuskurensu ba ya gyaruwa. Na farko, wasu masu kyamara da na'urar naɗa suke buga faifai su manta ba su rufe shi ba. Irin wannan faifai kwamfuta takan gan shi kamar sabo fil, har ta tambaye ka ko ta shirya shi don a zuba masa kaya. Juya shi ka duba ƙasansa: in ka ga zobe mai duhu ya faro daga tsakiya, akwai rubutu a ciki. Kada ka amsa mata, fitar da shi a ajiye wa wanda ya fi mu sani. Na biyu, an raba duniya shiyya-shiyya a harkar dibidi, Nijeriya na shiyya ta 5, Saudiyya da Turai na ta 2, Amurka ta 1. Idan aka kawo faifan tsaraba mai kulle, kwamfuta tana iya cewa a canza mata shiyya. Sau biyar kacal take yarda, daga nan ta kafe a kan ta ƙarshe har abada. Kada kowa ya taɓa wannan, a gwada VLC tukuna, sau da yawa shi ba ruwansa da shiyya.

Sauran ƙananan ciwuka ba sa cin lokaci. Murya ta riga baki ko baki ya riga murya: madannan J da K na daidaita su. Wani harshe kake ji daban: danna B ya koma wata muryar in akwai. Mutane sun yi tsawo kamar turmi ya miƙe ko sun yi faɗi: danna A. Hoto na yin haƙora kamar matsefi in ana motsi: danna D. Ana jin murya allo baƙi, wanda ya fi faruwa a tsofaffin kwamfutoci: malamin kwamfuta zai nuna mana inda ake kashe Hardware-accelerated decoding a cikin Preferences.

Na san abin da wasu malamanmu za su ce, kuma suna da hujja. Za a ce ga WAEC ga NECO a gabanmu, ina mu ina wasa da faifan biki. Amsata ita ce tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, kuma a cikinmu akwai wanda ya haddace ma'anar fayil da folda tsaf ya ci maki a kansu, amma bai taɓa kwafar fayil ɗaya daga nan zuwa can ba. Wanda ya yini yana neman dalilin da ya sa faifai ya ƙi buɗewa, ya canza abu ɗaya ya gwada, ya rubuta sakamako, ya karanta Turancin da allo ya rubuto masa, ya yi darasin kwamfuta da na kimiyya da na Turanci a zama ɗaya, kuma hannunsa ba zai yi rawa a kan linzami ranar jarrabawa ba. Awa biyu a mako muke nema, a lokacin da dama na ƙungiyoyi ne.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Faifan biki sirrin gida ne. A ciki akwai matan aure cikin kwalliya a tsakar gida, yayyenmu da iyayenmu, a wurin da ba a shirya don idon maza baƙi ba. A zamanin da bidiyo ɗaya ke zagaye ƙaramar hukuma ta WhatsApp da TikTok kafin la'asar, wanda ya ce ba zai ba da faifan gidansu ba bai yi laifi ba. Idan ba a tsare wannan ba, gara a bar aikin gaba ɗaya. Don haka faifan da ya shafi mata, ɗalibai mata ne za su yi aikinsa tare da Malama, ƙofa a rufe. Babu shiga da waya. Mai faifai ko wakilinsa yana zaune ake yi. Ana gamawa a zuba masa a memorinsa, a goge na kwamfutar makaranta a gabansa. Abin da za a roƙa a bar wa laburare shi ne na taron jama'a, kamar naɗi, musabaƙa da ranar raba kyaututtuka, shi ma sai da yardar mai shi.

Ta uku ita ce haƙƙin masu fim. Satar fasaha na cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifai, ta bar masu shirya fim da bashi. Nijeriya na da dokar haƙƙin mallaka, an sabunta ta a 2023, kuma tun kafin doka addini ya hana cin gumin wani. Ɗakin kwamfutarmu ba zai zama rumfar turi ba. Wanda ya kawo fim ɗin da ya saya, za a taimaka masa ya gano dalilin da ya sa ya ƙi yi, a rubuta sunan fim ɗin da kamfanin da 'yan wasan a rajista don a san akwai shi a gari kaza. Ba za a raba wa kowa kwafi ba. Wane fim ne ya dace a buɗe a makaranta, wannan hukuncin malamai ne.

Batun kuɗi gajere ne. Kwamfuta ɗaya mai gurbin faifai ta isa. In babu mai lafiya, akwai ɗan akwatin karatu da ake jonawa ta ramin filash, ana samunsa a Titin Beirut ko Farm Centre a Kano, ƙungiyar iyaye da malamai ko tsofaffin ɗalibai za su iya ɗauke mana shi. VLC bai kai megabayit hamsin ba, amma a sauke shi daga shafin videolan.org, don wanda ake turawa a rumfa ba a san abin da aka cusa masa ba. Dibidi cikakke gigabayit 4.7 ne, ke nan memori mai 32 zai ɗauki shida, ko bisidi kusan arba'in. Cutar kwamfuta kuwa ta filash da memori ta fi shigowa, sai malami ya duba kowanne kafin a jona. Memori ma yana mutuwa, ba ya ma yin sallama, don haka a yi kwafi biyu a ajiye a wurare biyu, kuma a mayar da faifan asali gida.

Abin da ya sa ba zan ce a bari sai baɗi ba shi ne fayafayan da masu kyamara ke bugawa ba irin na kamfani ba ne. Juya na biki ka gani, ƙasansa shuɗi ne ko ruwan makuba. Rini ne aka ƙona da haske aka yi rubutun a kansa, rini kuwa zafi da rana suna kashe shi ko ba wanda ya taɓa. Akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ba wurin ajiyarsa ba ne, amma can yawancinsu suke. A ɗaya gefen kuma na'urorin karatun suna ƙarewa: sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba sa zuwa da gurbin faifai, masu gyaran na'urar ɗaki da yawa sun koma waya da sola. Faifan da ke buɗewa da kyar bana mai yiwuwa ba zai buɗe ba nan da shekara uku, in ma ya yarda ba lallai a sami abin saka shi ba.

Roƙonmu ga Shugaban Makaranta da malamin kwamfuta shi ne a ba Ƙungiyar 'Yan Jarida wannan dama na zango ɗaya a gani, da malami namiji da Malama masu sa ido, da littafin rajista mai gurbi huɗu: lambar faifai, abin da ya yi da aka saka shi, abin da aka gwada, da yadda aka ƙare. A ƙarshen zango mu liƙa a wannan allo nawa aka kawo, nawa suka tashi, nawa suka mutu da gaske. In lissafin bai biya wahalar ba, a rufe.

'Yan uwana ɗalibai, in an amince, ga naku aikin. A wannan hutu ku nemi izinin Baba ko Inna kafin ku taɓa akwatinsu. Kada ku wanke faifan a gida, ku kawo shi yadda yake. Ku riƙe shi ta baki da rami, kowanne ku naɗe shi a takardarsa daban, kada ku jera su tsirara suna gogar juna cikin jaka. Kada a yi rubutu da biro a jikinsa, kada a manna masa takarda. A jikin takardar naɗin za a rubuta gidan da ya fito, taron da aka ɗauka, da shekarar in an tuna. In akwai tsoho ko tsohuwa a gida da suka halarci taron, ku zauna da su ku rubuto sunayen waɗanda suka san suna ciki, don mu da za mu buɗe faifan ba za mu gane fuskokin ba.